Waya a Gangaren Ramuka

Ghislain Piron, shugaban mafarautan ƙauyen Ranchival, shi ya fara ganin keken. Da sassafen Lahadi ne, yana zagayen duba inda mutanensa za su tsaya kafin a koro aladun daji. Keken na kwance a ƙasan gangare, tayar gaba ta lanƙwashe. Mai keken kuwa yana can sama, rigingine a cikin ɗaya daga cikin ramukan da sojojin Amurka suka haƙa lokacin yaƙi.

Ƙarfe takwas da rabi Sufeto Maryse Gérardy ta iso. A ƙauyen aka haife ta, ba ta buƙaci a gaya mata sunan mamacin ba. Thibaut Collignon ne, ɗan shekara talatin da huɗu, wanda ya yi shekara biyu yana share hanyar kekuna a dajin da hannunsa, tun daga ramukan har zuwa kangon ɗakin ciyawar da Jamusawa suka harbe mutum bakwai a cikinsa a Disambar 1944. Hular kwanonsa na nan a kansa, ko ƙwarzane babu. Wuyan ne likita ya yi saurin rufewa.

"Maƙogwaron ya karye," in ji likita. "Bai mutu nan take ba. Ya yi kamar minti biyar yana neman numfashi."

Wayar na nan inda aka ɗaure ta, tsakanin itatuwa biyu, daidai bayan wata kwana mai duhu. Siririyar wayar shinge ce, an ja ta har tana ƙara idan aka taɓa. Maryse ta fito da tef ta auna. Mita ɗaya da ɗan ɗoriya, ko ƙirjinta ba ta kai sosai ba. Ta dubi gawar. Thibaut dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci. Ta rubuta awon, ta sa aka ciro bakin wayar biyu aka zuba a leda.

Ta juya ga Ghislain, wanda ke jingine da motarsa yana shan taba.

"Watan jiya ka ce za ka karya masa ƙafa."

"Na faɗa, a gaban mutane ma. Kekunansa sun kore mini namun daji har can hayin kogi."

"Ina kake jiya?"

"Ƙarfe biyu na bi ta nan a ƙafa, babu waya babu komai. Daga nan na tafi Liège bikin 'yar ƙanena. Mu biyar a mota, da asuba muka dawo. Ki tambayi matata, ita ce ba ta sha ba." Ya tofar da yawu. "Kuma ni ne zan bi ta gangaren nan yau a kan babur. Kina ganin na gaji da wuyana ne?"

Kafin azahar matar da sauran ukun sun tabbatar. Ta cire shi daga lissafi.

A ƙofar coci, bayan an tashi daga sujada, Malam Aurèle Dethier ya tare ta. Shi ya koya mata karatu tana ƙarama, shi ya koya wa Thibaut, shi ya koya wa rabin ƙauyen. Yanzu ya yi ritaya, yana shugabantar kwamitin tunawa da mutum bakwai ɗin. Babban titin ƙauyen ma sunan mahaifinsa yake ɗauke da shi, Nestor Dethier, wanda ake cewa shi yake kai wa 'yan gwagwarmaya abinci a daji. Idanunsa sun yi ja.

"Maryse, akwai abin da ke damuna. Ba na son in faɗa."

"Faɗa mini, Malam."

"Jiya wajen ƙarfe huɗu na ga Firmin ya nufi dajin, da naɗin waya a kafaɗa. Na ɗauka shingensa zai gyara." Ya share ido. "Kin san labarin da yake yawan bayarwa, na yadda Jamusawa ke ɗaure waya a hanya don ta fille kan direbobin jif. Tsufa ne. Kada ki matsa masa."

Firmin Wathelet yana da shekara saba'in da tara. Mahaifinsa na cikin bakwai ɗin, shi kuma a lokacin yana ciki, bai zo duniya ba sai bayan wata huɗu. Gonarsa ce ke maƙwabtaka da kangon. Sau biyu ana kai ƙararsa don ya jefi masu keke da dankali.

Ta same shi a kicin yana ƙoƙarin buɗe kwalbar zuma, wata tsohuwar karya kwance a kan ƙafarsa.

"Baba Firmin, ka ji abin da ya faru?"

"Na ji. Ƙararrawar coci ba ta barin mutum ya ƙi ji."

"Ba ka son yaron."

"Ba na son su duka. Suna zuwa da wandunansu masu matse gindi, suna ihu, suna tsalle a kan inda aka zubar da ƙwaƙwalwar ubana. Wani ma fitsari ya yi a jikin bangon. In so su?"

"An yanke waya daga shingenka, ta bayan gona. Na gani."

"To a biya ni shingena."

"Ina kake jiya da yamma?"

"Inda nake."

Ya ci gaba da kokawa da murfin. Yatsunsa sun kumbura sun karkace kamar saiwa, murfin sai zamewa yake. Maryse ta karɓa ta buɗe masa da murɗa ɗaya. Bai ce na gode ba. Ta tuna yadda aka murɗe bakin wayar nan a jikin itace, zagaye shida, a jere tsaf. Ba ta kama shi ba, ta fita.

Ƙauyen bai jira ta ba. Maganar da Malam ya ce ba ya son faɗa, kafin yamma ta kai kowane gida. Safiyar Litinin mai kai wasiƙu ya kira ofis. An rataye karyar Firmin a ƙyauren gonarsa da waya, an ɗora mata hular kwano a ka. Da Maryse ta iso, tsohon na tsaye yana ta ja da hannuwan da ba sa riƙo, ya kasa kwancewa. Ita ta yanke wayar. A taɓon ƙofar akwai sawun tayar keke uku. Ta daɗe tana kallon ɗaya daga ciki, sannan ta mayar da wayar hannunta aljihu ba tare da ta ɗauki hoto ba.

"Shekararta goma sha huɗu," in ji Firmin. "Ko haƙori ba ta da shi."

Wata mota ta tsaya a bayansu, ta masu kai marasa lafiya asibiti. Direbar ta sauko, ta ga karyar, ta dafe baki.

"Kullum ke kike kai shi?" Maryse ta tambaya.

"Litinin, Laraba da Juma'a, wankin ƙoda a Bastogne. Makon jiya ne kawai aka mayar da na Juma'a Asabar, saboda hutun ranar tsarkaka."

"Ƙarfe nawa?"

"Na ɗauke shi sha biyu, na dawo da shi bakwai. Har gado na kai shi, ba ya iya tsayuwa bayan wanki."

Maryse ta dubi tsohon. "Me ya hana ka gaya mini jiya?"

"Ba ki zo tambaya ba. Kin zo ne da amsarki."

Ta zauna a mota ba ta tayar da inji ba. Ƙarfe huɗu na Asabar Firmin yana kwance da allura a hannu, kilomita ashirin daga dajin. Duk ƙauyen sun san ranakunsa uku. Canjin makon jiya ne kaɗai ba wanda ya sani. Ba kuskuren gani Malam ya yi ba, ƙarya ya shirya. Ya zaɓi ranar da ya tabbata tsohon na gida ne.

Daga nan ta wuce gidan Solène, matar Thibaut. Ta same ta a gareji, zaune a ƙasa tsakanin kekuna, da rigar mijin a cinya. Ita ma 'yar tsere ce.

"Solène, ki yi haƙuri, zan tambaye ki abu mai nauyi. Wayar tsayinta mita ɗaya da kaɗan ne. Yaya aka yi ta same shi a wuya?"

Solène ta miƙe. Ta hau keke, ta zame gindinta baya har ya kusa taɓa tayar baya, ta miƙe hannuwa, ta kwantar da ƙirji a kan sirdi. Haɓarta ta sauko daidai kan sitiyari.

"Haka ake saukar gangaren nan. In ba haka ba ki kifa."

"Wanda bai taɓa hawa ba fa, a ina zai ɗaura?"

"Sama. Inda yake ganin wuyan mai keke a kan titi. Da Thibaut ya wuce ta ƙarƙashi bai ma sani ba."

"Su wa suka san zai bi ta can jiya? An rufe dajin saboda farauta."

"Ba kowa. Ba a ma buɗe sashen ba tukuna, sai bikin tunawa na Disamba. Malam ne ya kira shi ranar Asabar da rana, ya ce ya zo su sha kofi ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Lahadi, ya biyo ta sabon gangaren ya ba shi labarin yadda yake." Ta share hanci. "Ya ji daɗi ƙwarai. Wata guda ba sa magana."

"Saboda me?"

Solène ta sauko daga keken. Ta buɗe wata durowa ta ciro takarda.

"Yana shirya allunan ƙarfe da za a kafa a hanya, kowane wuri da labarinsa. Ya rubuta wa ma'ajiyar tsoffin takardu a Jamus yana neman bayani kan ɗakin ciyawar. Wannan suka aiko."

Hoton wani rahoto ne da Jamusanci, an buga da tafireta. Maryse ba ta jin yaren, amma a layi na tara akwai sunan da take karantawa kullum a kan allon babban titi. A ƙasa Thibaut ya fassara da fensir: Nestor Dethier, ɗan shekara goma sha tara, shi ya nuna maɓoyar, aka bar masa shanun gidansu.

"Ya nuna wa Malam?"

"Shi ya fara nuna wa. Ya ce bai dace ya ji a bakin wani ba. Malam ya kore shi."

"Allon ɗakin ciyawar ya iso?"

Solène ta nuna wani abu a jingine da bango, naɗe da kwali. Maryse ta buɗe, ta karanta har ƙasa, ta sake karantawa. Sannan ta ce a ara mata shi.

Ranar Talata sakamakon bincike ya zo. Ba da filayar manoma aka yanke wayar ba. Bakin ya matse ta kowane gefe, irin yankan almakashin da masu keke ke datse wayar birki da shi, kuma akwai ɗan tsagi a wuri ɗaya, alamar bakin almakashin ya taɓa ɓalgacewa. Ta samo takardar izinin binciken gidan Malam daga alƙali.

Ranar Laraba aka binne Thibaut. Malam Aurèle ne ya yi jawabi. Ya kira shi ɗansa, muryarsa ta karye sau biyu, har Ghislain sai da ya share ido. Maryse ta bari aka watse, sannan ta bi shi gida da 'yan sanda biyu.

A garejinsa kekuna huɗu ne a rataye, da kofunan tseren da ya ci yana saurayi. Kayan aiki na jere a bango, kowanne da zanen siffarsa a bayansa. Almakashin na inda ya kamata, an goge shi fes. Ta ɗaga shi ga haske. Ɓalgacewar na nan.

Suka zauna a teburin cin abinci. Ya zuba mata kofi.

"Malam, ka ce ka ga Firmin ƙarfe huɗu na Asabar."

"Ko uku da rabi. Idona ba kamar da ba."

"Yana asibiti tun sha biyu."

"To wani na gani."

"Ka ce Firmin. Ka ce da waya a kafaɗa. Mutumin da ba ya iya buɗe kwalba."

"Maryse, ni na koya miki riƙe alƙalami."

"Na sani. Wanda ya ɗaura wayar nan ya san yadda ake kwanciya a kan keke a gangare. Firmin bai sani ba, Ghislain bai sani ba. Mai ɗaurin ya san Thibaut zai bi ta can, ya san lokacin. Mutum biyu suka sani, matarsa da wanda ya gayyace shi. Ita tana gidan uwarta a Houffalize tun Asabar da yamma. Kai kuma ga almakashinka." Ta ajiye takardar Jamus a gefen kofin. "Ga kuma dalili."

Bai taɓa takardar ba. Ya gyara zaman cokali a kan faranti. Da ya yi magana, da muryar aji ya yi, wadda yake gyara wa yara kuskure da ita.

"Shekara arba'in ina tsayawa a gaban kangon nan ina karanta sunaye. Jikana Nestor sunansa. Yaron nan ya zo mini da takarda yana tausaya mini. Ni. Wanda sai da ya maimaita aji uku a hannuna."

"Sai ka kashe shi."

"Na gargaɗe shi. Na ce matattu ba abin wasan masu keke ba ne."

"Me ya sa Firmin?"

"Wa zai yi kewarsa? Kwanansa nawa suka rage? Ba ma za su kai shi kurkuku ba, gidan tsofaffi za a kai shi, a ba shi miya mai zafi. Da ya fi masa gonar nan."

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya daina rubutu ya dube shi.

"Kana wurin da abin ya faru?" Maryse ta tambaya.

"Dole. Da wani ne ya biyo, da na tsayar da shi. Ni ba mahaukaci ba ne."

"Likita ya ce ya yi minti biyar."

"Bai kai ba. Na duba agogo." Ya kurɓi kofi. "Ya gan ni. Ya miƙo hannu, yana son ya ce Malam, bakin ne kawai ke motsi. Ya ɗauka taimako na zo."

Maryse ta tashi ta fita zuwa mota. Ta dawo da allon, ta cire kwalin, ta jingine shi a kujerar da ke fuskantarsa.

"Karanta."

Ya sa tabarau. Sunaye bakwai ne da shekarunsu. A ƙasa layi ɗaya: An kama su a nan ranar 21 ga Disamba aka harbe su a wannan rana. Ya kai ƙarshe, ya koma sama, ya leƙa bayan allon.

"Wannan ba shi ne na ƙarshe ba."

"Shi ne. Tun makon jiya aka buga. Solène ta ce ya yi kwana uku ba barci, sannan ya ce ba zai yi wa malaminsa haka ba. Abin da yake gaggawar zuwa gaya maka ke nan ranar Lahadi. Takardar ma niyyarsa ya ba ka ita ka ƙona."

Malam Aurèle ya cire tabarau ya naɗe su. Ya daɗe yana kallon allon. Abin da ya ce a ƙarshe shi ne, "Ya manta waƙafi bayan Disamba."

Suka sa masa ankwa ta gaba, suka fitar da shi ta ƙofar baya.

Washegari da hantsi ta je gonar Firmin. Yana bayan gida zaune a kan bokiti, kusa da wani sabon tudun ƙasa. Maƙwabci ko ɗaya bai zo ba, direbar asibiti ce ta haƙa masa ramin. Maryse ta gaya masa komai, wayar, almakashin, sannan ta zo kan takardar. Ta yi ta zaɓen kalmomi, don ubansa ake magana.

"Baba, wanda ya nuna maɓoyar su mahaifinka..."

"Nestor ne."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ina shekara tara uwata ta nuna mini ƙeyarsa a coci. Ta ce ka gan shi can, ka gaishe shi in kun haɗu. Kakarki ma ta sani. Uban Ghislain ya sani. Duk wanda ya haura saba'in a ƙauyen nan ya sani."

"Amma aka sa wa titi sunansa."

"Shi kaɗai ke da shanu bayan yaƙi, daga baya shi kaɗai ke da tarakta. Wa zai nome mana gona? Da aka zo zaɓen sunan, mun ɗaga hannu duka. Uwata ma ta ɗaga." Ya yi tari. "Aurèle ne kawai ya ɗauka asiri ne."

Ta tsaya tana kallon tudun ƙasar. Ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi, suka taka a hankali har bakin ƙofa.

"'Yar gidan Gérardy, kin gano wanda ya kashe mutum a kwana uku. Wa ya rataye mini karya?"

"Ana bincike, Baba."

"Kin sani."

Ta sani. Su uku ne. Tayar da ta daɗe tana kallo a taɓo, ita ta saya wa ɗan ƙanwarta ita ranar da ya cika shekara ashirin da biyar.

"Ba mu da shaida tukuna," ta ce.

Firmin ya gyaɗa kai, ba fushi a fuskarsa.

"Haka uwata take cewa. Ki gaishe da ƙanwar taki."

Ya shiga ya rufe ƙofa. Ta ji yana ta fama da sakata, tana zame masa, har sau huɗu kafin ta shiga.